Ruwan da Ya Zo Kaza Ba Ta Kwanta Ba

Wata Talata da la'asar, cikin tsakiyar Afrilu na 1955, muna zaune ƙarƙashin rumfar da muke kira aji, malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, yana rubuta mana lissafi a baƙin allo, sai iska ta juyo daga gabas ta fizge zana guda ta yi bayan lakwal, wato makarantarmu, da ita. Kafin mu tattara allunanmu gari ya yi duhu, aradu ta faɗi can wajen tabki, ruwa ya kece kamar ana juye tulu. Mushe ya sallame mu da hannu, don ba mai jin muryarsa. Yara suka tuɓe riguna suna tsalle cikin taɓo, ni kuwa na cusa kayena, wato littafin rubutuna, cikin riga, na danne shi da hannu biyu, na bi gindin danga har gida. Ina isa ruwa na tsagaitawa. A ƙofar gida na iske mahaifina durƙushe yana tona ƙasa da yatsu, hannunsa ya nutse har wuyan hannu bai taɓo busasshiya ba. Ya miƙe yana murmushi, abin da ba kasafai ake gani a fuskarsa ba. Ni kuwa ban yi murna ba, domin na san abin da bai sani ba: Kaza ba ta kwanta ba.

Kaza da ɗiyanta su ne taurarin nan ƙanana da ke cure wuri guda kamar tsaki kewaye da uwa. Da rani suna tsakar sama, in bazara ta matso sai su riƙa gangarowa yamma, kullum almuru ya same su ƙasa da inda suke jiya, har ranar da za a neme su a rasa. Gidanmu a Madarunfa gidan Anne ne, masu bin hanyar kakanni, kuma a gandunmu ba a taɓa iri sai da bakin kakana, wanda kowa ke kira Tsoho. Dokar da ya gada guda ce: ruwan da ya sauka Kaza tana sama, ba a shuka a kansa, komai yawansa, don rana za ta biyo baya ta ƙone tsiro. Yakan ce, "In ka neme ta maraice ukku ba ka gan ta ba, ta kwanta. Ruwan da ya biyo baya shi ne naka." Duban Kaza aikinsa ne shi kaɗai. Sauran maza na gidan sun san sunanta, suna iya nuna ta, amma ba wanda ke bin sawunta, kamar yadda mutum ba ya leƙa tukunyar da ya san akwai mai tsaronta.

Shekarar da ta gabata tsuntsayen jan-baki sun sauka mana a gona gero yana cikin ƙosawa. Mun yi ta kaɗa gwangwani da jifa da majajjawa, ni da ƙannena har muryoyinmu suka dushe, amma abin da muka kai rumbu bai kai rabin na kullum ba. Tun sanyi bai fita ba aka koma tuwo sau ɗaya, ana cikawa da tafasa da rama da ɗan kifin da ake samu a tabki. Zangarniyar iri da Tsoho ya zaɓa da hannunsa tana rataye a ɗakinsa, a saman inda hayaƙi ke bugu don kada ƙwaro ya shiga, dami biyu ne da ɗan guntu. Shuka ɗaya za su yi mana. In aka zuba su ƙasa suka mutu, babu na biyu, kuma kowa a gidan ya san haka, har yaran da ba su iya ƙirga ba.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ina cikin shekara ta uku a lakwal. Ba don an ga ina da kai aka sa ni ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, manya suka duba suka ga ni ne wanda gona ba za ta yi kewarsa ba: siriri, marar magana, in an ba ni kiwon awaki sai a same ni zaune ina kallon jerin tururuwa, awaki suna cikin waken mutane. Ban iya langa ba, a kokawa ko ƙanena yana kayar da ni, in yara sun tafi iyo ni ke tsaron riguna a gindin kanya. A aji ma ban taɓa ɗaga hannu ba. Abin da na iya shi ne tsabtar rubutu da ƙin barin abu rabi. Mahaifina kuwa, da yake ni ne ɗansa na fari, ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake. In yana son in yi wani abu sai ya faɗa wa iska, "A ce wa wancan ya ɗaure jaki," ko da ina tsaye gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanenmu, amma ta sa na girma ban san yadda ake buɗe baki a gabansa ba.

Tsoho ne abokin hirata. Yana kirana Mushe Ƙarami don tsokana, ni kuma ina ce masa ya tsufa har ya manta inda ya ajiye haƙoransa. Wajen ƙarshen sanyin shekarar nan ya fara jana da almuru zuwa bayan gida, inda wani tsohon turmi yake kife kusa da rumbu. A kan turmin nan yake zama ya fuskanci yamma, inda babban gawo yake tsaye a bakin gonar maƙwabta. Da farko na ɗauka koya mini yake yi. Sai ya ce in nuna masa Kaza, in nuna, ya gyaɗa kai. Wata rana don wasa na nuna masa wani wuri dabam, can kudu, ya gyaɗa kai kamar kullum. Sai can ya kama wuyan hannuna ya matse. Ya ce yanar ido ta rufe masa gani tun bara, da rana yana ganin mutum kamar kututture, taurari kuwa sun tafi duka. Ya ce in uban nan nawa ya ji, zai karɓe maganar iri, kuma shi mutum ne mai gaggawa. Ban yi masa alkawari da baki ba. Washegari dai na riga shi zuwa wajen turmin.

Shi abin da yake so a gaya masa kaɗan ne, tana nan ko ba ta nan. Ni kuwa abin bai ishe ni ba. Na ga kullum tana matsowa kan gawo, na so in san da nawa take matsowa. Sai na fara miƙa hannu iyakar tsawonsa, in rufe ido ɗaya, in jera yatsu a kwance daga kan gawo zuwa gare ta, in yatsun hannu ɗaya sun ƙare in ɗora na ɗayan. Kwanakin farko lissafin ya yi ta rikicewa, yau goma sha shida gobe goma sha takwas, har na gane laifina ne: wani maraicen ina aunawa da wuri, wani kuma sai na gama kai wa jaki ƙaiƙayi. Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Zan zauna kan turmin, ba gefensa ba, in buɗe kayena a cinya, in jira har duhu ya kai inda ba na iya karanta rubutuna, sannan in auna. In na gama sai in je bakin murhun Inna in rubuta a shafin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe don kada takarda ta ƙare. Bayan kwana ashirin abin ya fito fili kamar sawun jaki a rairayi: yatsa ɗaya take sauka kowane kwana biyu, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda take zuwa. Tsoho ya ce tana shiga ƙasa ne ta yi kwanci, bayan kwana arba'in ta fito ta gabas da asuba. Na kwana bakwai ina shirya yadda zan tambayi Mushe, wani dogon mutum daga ƙasashen kudu wanda ba ya jin Hausa sosai, kuma a ƙarshe ban iya furtawa ba. Na ɗiga ɗigo bakwai a allona yadda suke a sama, na rubuta tambayar a ƙasa da Faransancin da nake da shi, na ajiye a kan teburinsa lokacin da yara suka fita shan iska. Ya duba ya daɗe, sannan ya kira ni. Ya ɗauko fitilarsa ya kunna da rana tsaka, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya manna allona a jikin zana can nesa, ya ba ni ƙwallon goruba ya ce ita ce duniya, in zagaya fitilar da ita a hankali. Da na kai inda fitila ta shiga tsakanina da allon, ya ce in tsaya in duba. Ɗigon suna nan inda suke, hasken ne ya cika mini ido. Ya ce taurari ba sa zuwa ko'ina, mu ne ke tafiya. Na fito daga rumfar nan ina taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta zame masa.

Ran Litinin, kwana ɗaya kafin ruwan, na auna yatsa takwas. Ran Talata da almuru yamma duk hadari ne. Laraba gari ya wuni da rana, amma tana gab da faɗuwa wani baƙin girgije ya taso ya zauna bisa gawo kamar an jingina bango. Alhamis ma haka. Cikin kwanakin nan Madarunfa ta koma gona. Tun asuba ake jin ƙarar sungumi, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige, har aji ya zama mu shida. Mahaifina ya wasa sunguminsa, ya gyara ƙota, yana shiga yana fita. Shi ma yanzu yana fitowa da almuru ya tsaya bakin danga ya dubi yamma, ina ganin leɓɓansa suna ƙirga maraice. Ni kuma ina kan turmi, kaye a cinya, ina rubuta kalma ɗaya a gaban kowace rana: hadari.

Ran Juma'a da sassafe ya tara mazan gidan a ƙofar ɗakin Tsoho. An riga an ɗaure jan zakaran da ake yankawa kafin shuka, mata sun jawo turame suna jiran a miƙo zangarniya su sussuke. Ina tsugune bayan randa da ƙwaryar kunu. Mahaifina ya yi magana a tsanake, kansa a ƙasa. Ya ce maraice uku ke nan an nemi Kaza ba a gan ta ba, doka ta cika. Ya ce laima tana gudu, in yau ta wuce ƙasa ta bushe, kuma gero da aka shuka da wuri shi ke fid da gida daga yunwa da wuri. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na ga ƙannensa suna gyaɗa kai. Tsoho ya daɗe yana murza gemu. Yana iya cewa a'a kawai, a tambaye shi dalili ya rasa. Yana iya cewa to, asirinsa ya zauna a rufe. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ni ban nemi Kaza ba bana, don ba ni ganin ta. Wanda ya neme ta yana bayan randa. Mushe Ƙarami, taho nan."

Na taso kunu yana zuba a ƙafata, na durƙusa nesa da mahaifina gwargwadon iko.

"Mi ka gani jiya?" in ji Tsoho.

"Ban ga komi ba, Kaka."

"Shekaranjiya fa?"

"Ban gani ba."

Wani cikin ƙannen mahaifina ya yi 'yar dariya ya fara miƙewa. Amma lissafin yana tsaye a kaina, baƙi bisa fari, kuma na san ban yi kuskure ba.

"Amma tana nan," na ce. "Ran Litinin yatsa takwas ta rage bisa gawo. Yatsa guda take sauka kwana biyu. Ba ta iya cinye takwas cikin kwana ukku. Hadari ne ya rufe ta."

Mahaifina bai dube ni ba. Ya fuskanci Tsoho, ya ce, "Baba, yanzu cikin mutum ashirin za a rataya ga yatsun wancan?"

"Shekara nawa yana rataye ga idona, ba ka taɓa tambaya ba," in ji Tsoho. "A kwance zakara."

Wunin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Mahaifina ya ɗauki gatari ya tafi sassabe a gonar da aka riga aka sassabe. Matan gidan suka mayar da turame, wata ta wuce ni tana cewa ai ga abin da lakwal ke haifarwa. Da Inna ta zo zuba tuwo sai ta tambaye ni a hankali ko na tabbata. Na ce na tabbata. Na shiga bayan rumbu na sake bin lissafin tun daga shafin farko, sau uku, ina neman inda na yi kure, ina addu'ar kada in samu, ina kuma tsoron in akwai shi ya ɓuya mini. Da almuru na hau turmi. Girgijen yana nan. Na zauna har sauro ya tashe ni, na rubuta hadari karo na huɗu. Na ƙudurta a raina ko maraice goma zai yi, zan zauna goma.

Ran Asabar iska ta sauya. Rana ta faɗi ja wur cikin sarari, ba ko ƙyallin girgije. Na buɗe kaye ina kallon rubutuna yana dushewa, na hana kaina ɗaga ido kafin lokaci, don kada in karya ƙa'idata a ranar da na fi bukatarta. Da baƙaƙen suka narke na duba. Tana nan bisa gawo, ita da ɗiyanta, suna ƙyalli kamar an wanke su. Na gaya wa Tsoho, ya ce ba shi ke bukatar ji ba. Mahaifina yana bakin turke yana ba jaki ruwa. Tun da aka haife ni ban taɓa kiransa ba, ban ma san da wace murya ake yi ba. Na je na tsaya kusa da shi har ya gaji da yin kamar bai gan ni ba, sannan na nuna turmi. Ya zo ya zauna. Na miƙa hannuna don ya ga yadda ake yi, ya miƙa nasa, wancan hannun mai kanta, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana jera yatsu.

"Biyar," ya ce wa gawo.

"Da rabi," na ce.

Tsoho ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Mahaifina ya tashi ya kaɗe wando ya koma wajen jakinsa, amma ina jin ya sake dubawa sau ɗaya daga can.

Kwana goma sha biyu bayan haka Kaza ta kwanta, kwana ɗaya kacal tsakaninta da ranar da na sa wa alama. Sama kuwa ta ɗauke kamar ba ta taɓa sanin ruwa ba. Fiye da wata guda rana tana dukan ƙasa, tsiron da ya fito kore shar a gonakin jigawa ya nannaɗe ya zama kamar gashin masara, masu su suka ɗaura wa jakuna mangala suka nufi Gabi da Safo neman iri wajen dangi. Ba kowa ya yi hasara ba. Waɗanda gonakinsu ke gangaren fadama geronsu ya jure, sun kuma riga mu cin tumu da kusan wata guda, mahaifina bai fasa ambaton haka ba har kaka. Mu dai da ruwa ya dawo irinmu yana hannu. Aka yanka zakara, aka sussuke dami biyu da guntu, na bi bayan sungumin mahaifina ina zubawa ina takewa, ba a bar ko ƙwaya guda ba. Amfanin shekarar matsakaici ne, amma ya kai mu wata damina.

Ba zan ce dokar Tsoho ba ta taɓa kuskure ba. Na ci gaba da aunawa shekara shida, har karatu ya ɗauke ni zuwa Maradi, kuma a cikinsu akwai shekarar da masu gaggawa suka fi mu. Daga baya na karanta cewa ɗiyan Kaza sun fi ƙarfin ƙirgar ido, kuma hasken da nake aunawa da yatsu ya baro su tun kafin a haifi kakan kakana. Ranar da rediyo ya ce mutum ya taka wata, ina cikin waɗanda suka yarda nan take, na kuma kwana ina jin haushin ba ni da wanda zan kai wa labarin a bayan gida.

Yanzu a Madarunfa rediyo ke faɗin ranar shuka, kuma sau da yawa yana faɗin daidai. Jikokina sun san sunayen duniyoyin da ke zagaya rana, a jere, da Faransanci, abin da ni ban sani ba sai da na yi gemu. Amma in almuru ya yi suna cikin ɗaki gaban haske, ba wanda cikinsa ya dogara ga abin da zai gani a yamma, ba kuma wanda za a tambaya da safe. Ban ce sun yi rashi ba, sun fi mu ƙoshi. Ina dai tuna lokacin da ake aiken yaro ya dubo taurari kamar yadda ake aikensa rijiya, ya dawo ana jiransa. A zamaninmu, sama ma tana cikin aikin gida.